Azumin da Muka Dafa wa Yaya Rake

Zafin bana ya kai inda ya kai. Tun hantsi kwanon ɗaki yake fara ƙara, ƙasa ta ɗauki zafi har ba a iya taka ta ba takalmi, kullum da la'asar kuma sai hadari ya haɗu ta wajen kogi, ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta rugugi, sannan ya watse ba ko ɗigo. Shekaranjiya ina kwance a tabarma bayan azahar, bakina ya bushe ƙamas, sai ga kiran Bashir, ɗana da ke karatu a Kanada. Wai in kalli waya in ga abin mamaki. Na kalla. Daji ne fari fat da ƙanƙara, shi ya naɗe kansa cikin riguna sai idanu, ga itatuwa ba ganye ko ɗaya, kowanne an huda shi an rataya masa bokiti.

"Mama, ruwan itacen ne ke ɗiga a ciki," in ji shi, rabi da Hausa rabi da Sango, yaren da ake yi a nan Bangui, don in magana ta yi tsawo Hausarsa gajiya take. "Erabul sunansa. Ana dafa ruwan har ya zama siro mai zaƙi kamar zuma. Amma kin san lita nawa ake dafawa kafin a sami lita ɗaya? Arba'in, Mama! Lita arba'in!"

Jira yake in riƙe baki. Na ce, "Kai tafi can. Ni za ka ba labarin ruwan da ke gudu daga tukunya? Ja hularka ka rufe kunne kafin ya faɗi." Ya yi dariya ya kashe. Ni kuwa barcin da nake nema ya tafi ke nan, don yaron ya tono mini wani azumi da ya faɗo daidai irin wannan lokaci, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, ina da sha bakwai.

Mu uku ne a gidan, ni da Yaya Sani da Kaka. Babanmu ya rasu ina 'yar shekara goma, Innarmu ta bi shi ba da jimawa ba, sai Kaka, uwar Baba, ta riƙe mu a ɗaki biyu bayan kasuwar Kilomita Biyar. Daga ƙasar Zazzau aka kawo ta Bangui tana amarya, ba ta sake komawa ba, amma "a garinmu" ba ya barin bakinta. Ƙosai take soyawa a ƙofar gida. Yaya kuma gyaran keke da ƙananan babura, mobilet, yake yi a gindin wani mangwaro a bakin titin Koudoukou.

Shekarar ta zo da ƙunci. Ma'aikata sun yi wata da watanni ba albashi, wanda tayarsa ta fashe sai ya jingine keken ya taka da ƙafa, Yaya ya wuni yana korar ƙuda. Manyan motocin da ke kawo kaya daga Kamaru suka yi ƙaranci. Sabulu ya yi wuya, gishiri ya yi wuya, sukari kuwa ya ɓace ɓat. Masu shi sun tura ƙarƙashin kanta, sai wanda suka ga dama suke ciro wa, ƙwaya ƙwaya. Da sahur tuwon rogo muke ci, gozo, da miyar jiya in ta yi saura. Ana idar da asuba in ɗauki bokiti in bi layin famfo kafin rana ta fito. Da magariba mu sha ruwa da kunun tsamiya lami, kowa yana kurɓa yana yamutsa fuska, Kaka tana cewa ai haka ya fi lafiya. Faɗa kawai take yi, ita ta fi kowa son zaƙi a gidan.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ke cin Yaya. Akwai yarinyar da yake nema a unguwar Yakité, Mariyama, 'yar Malam Abakar tela. An san da maganar, amma ba a tsayar ba. A al'adarmu kuwa, saurayin da aka san da maganarsa dole ya aika kayan shan ruwa gidan surukai, kuma kan kayan shi ne sukari. Ka rasa dabino a yi maka uzuri, ka rasa gero a yi maka uzuri, amma in babu sukari to ba ka aika komai ba. Ga shi kawunnan yarinyar sun fi son wani, ɗan mai shagon sari, wanda sukari ke jibge a bayan shagon ubansa. Goman farko ta kusa ƙarewa Yaya bai aika ko ƙwaya ba. Sai Mariyama ta tare shi a hanya ta gaya masa a fili: in goman tsakiya ta wuce ba a ga komai daga gidanmu ba, kawunnanta za su zauna da babanta, kuma babanta ba shi da abin da zai ce musu.

Ni, tsakani da Allah, ban damu ba a ranar. Ba na son yarinyar. Shiru-shiru ce, in ka gaishe ta sai ta sunkuyar da kai, Hausarta a karye don uwarta 'yar bakin kogi ce, Sango suke yi a gida. Kuma Yaya kaɗai gare ni a duniya, ga wata za ta zo ta ɗauke shi. Amma da na ga mutumin da ke tashi da malmala uku ya fara ture kwano da sahur, sai jikina ya yi sanyi.

Kaka ce ta kawo shawara. Muna zaune bayan asham ta dube shi ta ce, "Maigida, wai duk wannan zugum ɗin a kan sukarin kwali ne?" Haka take kiransa don tsokana. "A garinmu wa ya san shi? Mazarƙwaila muke sha. A matse rake, a dafa ruwan, a zuba a tasa ya daskare. Ka kai wa surukanka tire guda, su san daga gidan da ka fito."

Na ce, "Kaka, kin taɓa yi?"

"Na gani da idona. Doki ne ke juya injin, ga manyan tukwane a jere."

"Gani na tambaye ki? Cewa na yi kin taɓa yi?"

"Ke dai Rabi, bakin nan naki sai ya ja miki wata rana."

Daga baya muka gane tana 'yar ƙanƙanuwa ta yi ganin nan, kuma daga nesa, tana jiran a ba ta ƙanzo. Yaya ya tambaye ta rake nawa za a nema. Ta ɗaga kai sama ta yi lissafin da babu shi, ta ce dami biyu ya isa a cika tire har a ajiye na gida. Mu 'yan birni, jikokin 'yan kasuwa, da ba mu taɓa shuka ko barkono ba, muka yarda.

Washegari Yaya ya musanyo dami biyu da tayar keke. Muka fere, muka yayyanka, na zuba a turmi na hau daka. Kaka tana kwashewa a wani tsohon zane mai tsabta, ni da Yaya mu kama bakinsa biyu mu murɗa. Wayyo Allah! Ba na yi wa maƙiyina fatan ya matse rake da azumi a baki. Ruwan yana bin hannunka har gwiwa, mai sanyi, yana ƙamshi, ƙudan zuma sun cika tsakar gida suna sha a gabanka, kai kuwa ko yawu ba ka da shi. Sau nawa na ga hannuna yana tafiya baki da kansa, sai Kaka ta daka mini tsawa. Da la'asar sakaliya muka gama, bokiti ɗaya da ɗan kai. Kaka ta ce wa zai tsaya gaban wuta yanzu, ga ƙosai ba a soya ba, a rufe sai gobe da sanyin safiya. Muka rufe da faifai muka tura bayan ƙofa, ta kuma hana kowa kurɓa ko bayan an sha ruwa, wai kar ya ragu.

Da safe ruwan ya yi kumfa, yana wani tsami-tsami. Ba mai iya ɗanɗanawa, duk muna azumi. Kaka ta shinshina ta ce haka yake yi a garinsu. Muka ɗora. Wuta ba ta daɗe da kamawa ba sai ga kan Maman Odile ta saman darni. Maƙwabciyarmu ce, Kirista, mai sayar da busasshen kifi, darnin nan kaɗai ya raba mu.

"Iya," ta ce da Kaka da Sango, "yaushe kuka fara sana'ar ƙauyenmu? Kuma da azumi?"

Ta zagayo, ta tsoma yatsa ta lasa, ta fashe da dariya har sai da ta zauna a kan turmi. Ashe ruwan rake in ya kwana a irin wannan zafi hanyar giya yake kamawa, kuma ko shekara za a yi ana dafa shi ba zai daskare ba. Kaka ta dafe ƙirji. "A'uzu billahi! A gidana? A watan nan?" Ta sa muka kinkimi tukunya muka juye a kwata, ta wanke ta da toka, ta ɗauraye, ta sake wankewa, tana yi tana istigfari. Ni ma dariyar ce ta kama ni, sai da na waiga na ga Yaya. Yana tsaye yana kallon kwatar.

Maman Odile ma ta gan shi, dariyarta ta tsaya. Ta tambayi abin da ake ciki, Kaka ta gaya mata. Ta riƙe haɓa. "Dami biyu? Tire guda? Iya, rake ruwa ne, ruwa kuma tafiya yake." Ta ce in da gaske muke a nemo pus-pus cike, kurar turawa ke nan, kuma a matse a dafa a rana ɗaya, ba jira. Wanta yana da gonar rake a bakin kogin Mpoko, bayan garin Bimbo, kekensa ya daɗe a jingine. In Sani zai gyara masa, ya kuma sare raken da kansa, za ta yi masa magana.

Ranar da Yaya ya je, daga sahur ya fita da jakar kayan aikinsa. Bai dawo ba sai da inuwa ta fara tsawo. Ina ƙofar gida ina jiƙa wake na hango pus-pus yana tahowa, rake ya yi tsiri a kai, ba a ganin mai turawa. Da ya iso sai na kasa gane fuskarsa. Leɓensa ya tsage, idanunsa sun faɗa, ganyen rake ya yayyanka masa hannuwa tun daga wuyan hannu har kafaɗa, gumi ya bushe ya yi fari a rigarsa. Ya zube a inuwar darni yana numfashi da baki. Kaka ta kawo ruwa a moɗa ta ce ya sha ya rama bayan Salla, Allah ba ya son wahalar bawansa. Ya karɓa ya juye a kansa, ya miƙa mata moɗar. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, duk a kan yarinyar da ko gaisuwa ba ta iya ba.

Kashegari tun da duku-duku Maman Odile ta shigo da abin matsa da ta aro wajen mutanen ƙauyensu: wani guntun kututture da aka fafe masa rami, da doguwar sanda da ake zurawa a ramin. A sa rake a ƙarƙashin sandar, mutum ya danna da dukkan nauyinsa, ruwan ya gangaro cikin bokiti. Kifinta ma ranar ba ta kai kasuwa ba. Yaya ne a kan sanda. Ni nake fere ina tsagawa ina miƙawa, in bokiti ya cika in tace a zane in juye a tukunyar biki da muka aro. Kaka ta kafa kujerarta a gefen murhu da ludayi, tana kwashe baƙin kumfan da ke tasowa. Ta jefa ɗan kanwa, ta ce wannan kam ta tuna sarai, kuma Maman Odile ba ta musa ba. Kafin hantsi ya ɗaga wuƙa ta tashi bororo a tafin hannuna, kafin azahar bororon ya fashe, ruwan rake yana shiga ciki. Rana a sama, wuta a ƙasa, hayaƙi a ido. Ban san lokacin da na fara zagin Mariyama a fili ba, ita da kawunnanta da ɗan mai shagon sarin gaba ɗaya. Kaka ta ce azumina ya zama na kare. Na ce ya zama.

Da azahar rake ya ƙare, tukunya ta cika har wuya. Na dube ta na ji daɗi, na ce to ai ko tire biyu a samu. Muka yi salla muka dawo, na ga ta sauka da kamar faɗin hannu. Na ƙara itace. Ta sake sauka. Tururi yana tashi fari, mai ƙamshi, yana haye darni yana tafiya gidajen mutane, tukunya kuwa sai zane take bari a jikinta, layi bayan layi, kowanne ƙasa da na baya.

"Maman Odile, ina yake tafiya?"

Ta nuna sama da ludayi.

"To me zai rage mana?"

"Abin da ya rage."

Itace ya ƙare. Muka ƙona tuƙar raken farko da ta sha rana, muka ƙona karyayyen benci, Yaya ya ɓalle wani katako daga rumfar ƙosai. Maman Odile ce bakinmu, tunda ita kaɗai ba ta azumi. Lokaci lokaci ta ɗebo a cokali ta hura ta lasa, mu uku mu zuba mata ido kamar masu jiran hukunci, ta girgiza kai ta ce, "Ade." Da saura ke nan. Ta juya mana baya in za ta lasa, don kar ta ƙara mana ƙishirwa.

Yanzu sukari har a teburin mai shayi zube yake, yara suna zuba cokali uku a kofi ba mai ce musu kanzil. Surukai ma a buhu ake kai musu, ɗan acaba ya sauke a ƙofa ya juya, wani lokaci saurayin bai ma san launin buhun ba. Inda darnin nan yake yanzu katangar bulo ce doguwa, ba kan da zai leƙo ta samanta. Maman Odile ta bar unguwar tun lokacin tashin hankalin da ya raba mutane, aka ce tana wajen 'yarta a can arewacin gari. Na yi cigiya ban dace ba. In na ji ƙamshin busasshen kifi a kasuwa har yau sai na waiga.

La'asar ta yi, abin da ke tukunya ya koma can ƙasa, ya yi ja, ya yi kauri, yana tafasa da ƙyar yana fut, fut. Sai iska ta juya. Hadarin da ya yi makonni yana yi mana ƙarya ya zaɓi ranar ya cika alkawari. Gari ya yi duhu, ganyen mangwaro ya fara yawo a tsakar gida, ƙamshin ƙasa ya taso. Kaka ta miƙe tana salati. Tukunya ba ta ɗaukuwa, zafinta ba ya barin a matsa kusa, kuma Maman Odile ta lasa ta ce ade. Ɗigon farko ya faɗa cikin wuta ya yi cuu. Yaya ya ruga ya fizge fallen kwano daga rumfar ƙosai, ni da shi muka kama gefe da gefe muka riƙe a saman tukunya. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Bayanmu yana jiƙewa sharkaf, gabanmu yana gasuwa, hayaƙi ya rasa hanyar fita sai idanunmu. Maman Odile ta durƙusa a ƙarƙashin kwanon tana juyawa da muciya, Kaka tana tura sauran katako da ƙafa. Ruwan sama yana gangarowa ta fuskata har leɓe, na datse baki gam. Kwanon yana cin tafin hannuna inda ya fashe. Na ce, "Yaya, zan saki." Ya ce, "Rabi, don Allah." Bai taɓa roƙona komai ba kafin ranar.

Can Maman Odile ta ɗiga kaɗan a moɗar ruwa, ta sa yatsa ta ciro, ya dunƙule. Ta ce, "Awe!" Ya yi ke nan. Muka ja wutar, ta kwashe da ludayi a guje zuwa ɗaki, inda Kaka ta jera ƙananan tasoshi goma sha biyu da ta shafe da man gyaɗa. Shida suka samu. Sauran shidan haka Kaka ta mayar da su inda ta ɗauko su ba ta kalli kowa ba.

Curi shida, kowanne bai wuce tafin hannuna ba. Pus-pus guda, da tafiyar Bimbo, da benci, da rabin rumfa. Na zauna a dandaryar ƙasa na fashe da kuka, na takaici. Ko ƙanzon da na sa rai zan kankare in an sha ruwa ban samu ba, don mun bar tukunya a waje ruwan sama ya cika ta. Yaya ya daɗe yana kallon tasoshin. Ya ce, "Kaka, a kai wannan kuwa? Ba dariya za su yi ba?" Kaka ta ce, "In sun yi dariya ni za su yi wa, ni zan kai."

Washegari da la'asar ta naɗe kowane curi a ganyen ayaba, ta jera a tire, ta rufa da farin mayafi. Mayafin ya kwanta shafal kamar ba komai a ƙasa. Ni na ɗauka a kai, muka bi ta cikin caɓi har Yakité, Kaka tana dogara sanda. Uwar Mariyama ta tarbe mu da fara'a, ta shimfiɗa mana tabarma a baranda. Ina zama idona ya faɗa cikin ɗaki. Ga kwalin sukari nan babba, sabo fil, ba a ko yanke igiyarsa ba. Ba sai an gaya mini daga inda ya fito ba. Na ji kamar in ɗauki tirenmu in koma.

Matar ta ɗaga mayafi, ta buɗe ganye ɗaya, ta juya curin a hannunta, ta shinshina. Ta dubi Kaka, ta dubi hannuwana da na ɓoye a zane. Sai ta ce ba inda za mu sai mun sha ruwa.

Aka kira magariba. Malam Abakar ya dawo daga masallaci, dogo, siriri, da tabarau a goshi. Ya durƙusa ya gaida Kaka, ya zauna a buzunsa can gefe, aka kawo masa shayi. Matarsa ta ajiye masa curi ɗaya a faranti, ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ya ɓantari kaɗan ya sa a baki. Ya daɗe yana tsotsa.

"Iya," ya ce, "wannan ai da hayaƙi."

Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baba, dole ya yi hayaƙi! A ƙarƙashin kwano aka ƙarasa shi, ruwa yana dukanmu. Yaya daga Bimbo ya turo raken nan da ƙafa, da azumi, aka ba shi ruwa ya ƙi sha. Mu ko ɗanɗanawa ba mu yi ba, duk abin da ya fito ga shi nan a gabanku. In na kwali ake so ai ga shi can a ɗaki, shi ba ya hayaƙi, ba wanda ya ƙone a kansa!"

Kaka ta kai mini mintsini a cinya wanda sai da ya yi sati yana ciwo. Sai a lokacin na ji abin da na faɗa, kuma ga wa. Na ce shi ke nan, abin da Yaya ya gina da jininsa na rushe da bakina. Na sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kofin kunu.

Malam Abakar ya sauke tabarau daga goshi ya dube ni ta ciki. Ya sake ɓantarar curin, babba wannan karon, ya jefa a shayinsa, ya juya da cokali a hankali.

"'Yata, ban ce ba daɗi ba. Cewa na yi da hayaƙi." Ya kurɓa. Ya juya wajen matarsa ya ce da Sango, kwalin nan na ɗaki kar wanda ya buɗe shi, gobe za a mayar. Sannan ya fuskanci Kaka. "Iya, in an sauko daga Idi a turo mini maza mu zauna."

Kaka ta ce, "Allah ya kai mu," da wata murya da ban san ta da ita ba.

Muna shirin tafiya aka ja zanena ta baya. Mariyama ce. Ta ja ni bayan madafa, ta kama hannuwana ta buɗe su a hasken fitila, ta ja numfashi. Ta ɗauko wani ɗan gwangwani na man kaɗanya ta shiga shafa mini a hankali, yatsa bayan yatsa. Na zo da ƙiyayyata a shirye, na neme ta na rasa. Da Hausarta karyayya ta ce, "Nasa ma haka ne?" Na ce, "Nasa sun fi." Ta rufe gwangwanin ta danƙa mini, ta ruga ɗaki tana share ido.

A bakin gadar Yakité muka tarar da Yaya. Ashe tun la'asar yana nan, a nan ya sha ruwa da abin da wani mai tebur ya ba shi. Ya taso ya karɓi tiren daga kaina, ya kasa tambaya. Muka yi 'yar tafiya a haka, Kaka ta yi gum, ni ma na yi gum don mugunta. Da ya gaji ya ce, "Rabi, me suka ce?"

"Sun ce da hayaƙi."

Ya tsaya cak. Na ga kafaɗunsa sun sauka, sai tausayi ya kama ni. Na zaro gwangwanin na sa masa a hannu. "Wannan inji matarka, wai ka shafa. Babanta kuma ya ce a turo maza bayan Idi."

Yaya ya dubi gwangwanin, ya dubi Kaka, ta gyaɗa masa kai. Sai kawai ya durƙushe a gefen hanya, cikin caɓin nan, da wandonsa na Juma'a, ya kifa fuska a kan tiren. Mutane suna wucewa zuwa asham suna kallonmu. Ranar da aka fita da gawar Babanmu shi ya riƙe ni, idonsa a bushe, haka ranar Inna. Ban taɓa ganin kukan Yaya ba sai a bakin gadar nan.

Kaka ta bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ta taɓa shi da sandarta ta ce, "Tashi, Maigida. Gobe akwai rumfata da za ka gyara."